In cire yarana daga makaranta in koyar da su a gida?

Maman Tabita: Salamar Ubangiji, 'yan'uwa. Akwai maganar da ta hana ni barci tun watan jiya, na ce bari in kawo ta nan. Yarana uku, babbar shekararta tara, mai bi mata bakwai, autan huɗu. A Sabon Tasha muke, nan Kaduna. Wata Lahadi da dare muna sujadar gida, na miƙa wa na tsakiyan Littafi Mai Tsarki na Turanci, tunda da Turanci ake koya musu, na ce ya karanta mana Zabura 23. Ya kawo ta tas daga farko har ƙarshe, babansa har da tafi. Ni kuwa na lura idonsa ba ya kan takardar. Na buɗe Zabura 24, na ɗora yatsa a kalmar farko na ce to karanta. Yaro ya yi tsuru-tsuru, sai hawaye. Ashe hadda ce ta makarantar Lahadi. Yana aji biyu na firamare, kuma takardar sakamakonsa ta ce shi ne na huɗu a ajinsu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sau uku ana ƙara mana kuɗin makaranta, ban da na Keke safe da rana. Ina da NCE, na koyar shekara biyar kafin haihuwa ta zaunar da ni. Zuciyata na ce mini in cire su in koyar da su da kaina, in haɗa musu karatu da tsoron Allah. Maigida ya ce in yi tunani, surukata kuwa ta ce sam. Akwai wanda ya taɓa yi a cikinmu?

Baban Bitrus: Amin, 'yar'uwa. Kafin komai, shin doka ma ta yarda? Kada a je a gyara wata ɓarna a faɗa cikin wata.

Maman Rahila: Ni dai ina bayanki ɗari bisa ɗari. Kalmomin da ɗana ya kwaso daga makaranta a zango ɗaya, ni da girmana ban iya maimaita su ba. Kuma tun abin da ya faru a makarantar Bethel Baptist ta jihar Kaduna a watan Yulin 2021, da aka kwashe yara sama da ɗari cikin dare, duk ranar da yarana suka wuce ƙarfe biyu ba su dawo ba sai cikina ya ɗuri ruwa.

Lauya daga Jos: Bari in amsa wa Baban Bitrus. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta wajabta wa kowane uba ko mai riƙo ya tabbatar yaronsa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. Ta kuma sa hukunci: karo na farko jan kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Babu inda dokar ta ambaci koyarwa a gida, ba ta ce a yi ba, ba ta kuma tsara yadda za a yi ba. Abin da ta ce shi ne a tura yaro makaranta. Saboda haka mai yi yana tsaye ne a wurin da doka ba ta shimfiɗa masa tabarma ba. Ku kwatanta da Afirka ta Kudu, inda dokar makarantu ta 1996 ta amince da shi a fili amma ta ce a yi wa yaron rajista da hukumar ilimi ta lardi. Shawarata, Maman Tabita, in har kika yanke za ki yi, ki ajiye shaida: littafin darasi mai kwanan wata, ayyukan yaran, da manhajar da kike bi ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa. Ki kuma leƙa ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku ki yi tambaya baki da baki.

Baban Bitrus: Na gode, Barista. To kin ji.

Kaka Malama: 'Yata, na karanta saƙonki sau biyu. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, kuma abin da kika gani a wurin ɗanki gaskiya ne, na sha ganinsa. Yaro ya haddace allo gaba ɗaya alhali bai san inda harafi ɗaya ya fara ba. Amma ki bar ni in faɗa miki abin da ke damuna. Mu da muka taso a Wusasa mun san da wace wahala makaranta ta zo hannunmu. Likita Miller, Baturen mishan, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, yara kaɗan ya fara tarawa a gidansa, sai a 1929 mishan ta koma Wusasa. Daga wannan ɗan tsiron aka sami Dokta Dikko, likita na farko daga Arewa, aka sami Farfesa Ishaya Audu, Janar Gowon ma a makarantar St. Bartholomew ta Wusasa ya yi firamare. Iyayenmu sun sayar da akuya da dawa don mu zauna a benci. Ikilisiya ba ta taɓa gina majami'a ba tare da ta yi tunanin aji a gefenta ba, ki duba makarantun mishan na Gindiri, ki duba na Kagoro. Yau kuma mu da kanmu mu janye yaranmu mu rufe ƙofa? In masu NCE irinki duk suka koma gida da nasu, wa zai tsaya wa ɗan gwauruwar da ke sayar da itace, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa?

Maman Tabita: Mama, maganarki ta shige ni. Amma ɗan gwauruwar nan ma ba ya koyon komai a inda yake. Ni kuma nawa ne Allah zai fara tambayata a kansu.

Maman Rahila: Ƙwarai. Maimaitawar Shari'a 6 ba wa hedimasta aka rubuta ba. Iyaye aka ce su koya wa 'ya'yansu, a zaune a gida, a kan hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi.

Baba Fasto: Salama gare ku. Maman Rahila, ayar da kika kawo daidai ce, sura 6 aya 6 da 7. Sai dai mu karanta ta da gaskiya. Abin da aka umarci iyaye su koyar a wurin shi ne maganar Ubangiji, kuma wannan nauyi yana kan wuyan kowane uba da uwa, ko yaro yana makarantar gwamnati, ko ta kuɗi, ko yana gida. Timoti ya sami bangaskiya daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, tun yana ɗan ƙarami ya san Littattafai. Amma Ayyukan Manzanni 7:22 ya ce an koya wa Musa dukan hikimar Masarawa, Daniyel kuma shekara uku ya yi yana karatun Babila bai ƙazantar da kansa ba. Bulus a gaban Gamaliyel ya zauna. Ina faɗin haka ne domin na taɓa ganin wannan magana ta raba zumunta, masu koyarwa a gida suna kallon sauran kamar sun sayar da 'ya'yansu ga duniya, sauran kuma suna ce musu masu girman kai. Kada mu mai da shi ma'aunin ruhaniya. Tambayar ita ce wanne ne zai amfani waɗannan yara uku, a wannan gida, da ƙarfin da Allah ya ba iyayensu.

Baban Afiniki: Ina gaisuwa daga Texas. Mu shekararmu shida muna yi, kuma ba na nadama, amma ina so in faɗi abin da bidiyon YouTube ba sa nunawa. A Amurka abin ya halatta a dukan jihohi 50 tun 1993, bayan an daɗe ana shari'a. A nan Texas ko sanar da hukuma ba dole ba ne in yaro bai taɓa shiga makarantar gwamnati ba, a New York kuwa sai ka miƙa tsarin karatu da rahoto sau huɗu a shekara. Jamus ta hana gaba ɗaya, har wani iyali Kirista mai suna Romeike ya baro ƙasar a 2008 ya zo neman mafaka a nan. Abin da ke riƙe mu a nan ba ƙoƙarinmu kaɗai ba ne. Akwai laburare kyauta a unguwa, matata na ɗebo littafi talatin a mako ba ta biya ko sisi. Wuta ba ta ɗaukewa. Duk Talata iyalai kusan ashirin muna haɗuwa a coci, wata uwa mai digirin kimiyya ta ɗauki manyan yara, wani ya koyar da kiɗa, yara su yi ƙwallo. In kika cire waɗannan, abin da ya rage shi ne mace ɗaya da yara a ɗaki. Ki auna da abin da ke hannunki a Sabon Tasha, ba da namu ba.

Maman Tabita: Na gode, yaya. Wace manhaja kuke bi? Na ji ana maganar ACE da Abeka.

Baban Afiniki: Mun fara da Abeka, daga Pensacola take a jihar Florida, tana da ƙarfi wajen koyar da sautin haruffa. ACE kuwa ƙananan littattafai ne da yaro ke cikewa da kansa, a Texas aka fara ta a 1970. Amma da dala ake saye, kuma lissafinsu da inci da fam da sulallan Amurka ne, tarihinsu na George Washington ne. Yaron da zai rubuta jarrabawar Najeriya yana bukatar manhajar Najeriya.

Malam mai Lissafi: Nan ne nake so in shigo. Firamare ba ta ba ni tsoro, mai NCE za ta iya har ta fi wasu ajujuwan. Matsalar tana gaba. Jarrabawar BECE ta aji uku na ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake yin rajista. WAEC ta watan Mayu da Yuni ita ma sai makaranta ta tura makin da yaro ya tara a aji. Wanda ba shi da makaranta sai dai ta masu zaman kansu, wadda muke kira GCE, ko ta NECO ta waje. Ana karɓarsu a jami'a, kiredit biyar har da Turanci, da Lissafi ga masu kimiyya, sannan JAMB. To amma a GCE ba a shiga ɗakin gwaji, a takarda ake amsa tambayar gwajin. Yarinyar da ke son aikin likita ko nas ta isa jami'a ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, za ta sha wuya. Ni in za ki ji tawa, ki sa wa abin iyaka tun yanzu: zuwa aji shida, sannan su rubuta jarrabawar shiga sakandare su koma cikin 'yan'uwansu.

Maman Jummai: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, don maganar tana taɓa mini ciwo. Ni na yi. Lokacin korona da aka rufe makarantu a watan Maris 2020 na fara, da aka buɗe kuma na ƙi mai da su. Maigida ya shafa baƙin fenti a bangon baranda ya zama allo. Murafen kwalba muka tara cikin gwangwanin madara muna ƙirga da su, rabi da kwata kuma da mudu da gwangwani muka koya, ranar da nake auna masara. Ba zan manta safiyar da 'yata ta tsaya gaban buhun siminti a ƙofar maƙwabta ta haɗa haruffan da kanta ta karanta ba, ta rugo tana ihu tana kirana. Wata shida na farko abin ya yi daɗi ƙwarai. Sai na sami ciki, laulayi ya kwantar da ni. Ga awarar da nake soyawa da yamma, ita ce kuɗin cefane. Darasin ƙarfe takwas ya koma goma, ya koma gobe, goben ta koma mako. Na fara yi musu tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, domin uwa da malama sun haɗu a jiki ɗaya kuma dukansu sun gaji. Abin da ya karya ni shi ne, kullum ƙarfe biyu sai in nemi babbar in rasa, ashe tana bakin get tana leƙen yara masu yunifom suna wucewa. Wata rana ta ce, Mama, ni ba ni da ƙawar da zan ce ƙawata ta aji. Bayan wata goma sha huɗu na mai da su. A karatu sun wuce 'yan ajinsu, a lissafi sun yi baya. Ban ce kada ki yi ba, 'yar'uwa. Ina cewa ne ki tambayi kanki wa zai riƙe allin ranar da kika kwanta.

Maman Tabita: Kai, Maman Jummai. Na karanta ina share hawaye. Allah ya sāka miki da kika faɗi gaskiya.

Maman Rahila: Sannu 'yar'uwa. Amma ai maganar ƙawaye, akwai makarantar Lahadi, akwai Birged ta yara maza da mata a coci, akwai ƙungiyar mawaƙa ta yara. Ba a daji suke ba.

Kaka Malama: Akwai su, 'yata, amma duka 'yan cocinku ne. Ku da ke Kaduna kun fi ni sanin yadda garin ya koma tun rikicin shekarar 2000, kogi ya zama iyaka, waɗannan a kudu waɗancan a arewa. Ni a ajina Hauwa da Hannatu benci ɗaya suke zama, su raba gyaɗa, su yi faɗa su shirya. Har yau akwai ɗalibaina Musulmi da ke aiko mini da naman Sallah, ni ma in aika musu shinkafar Kirsimeti. Yaron da ya girma bai taɓa aron fensir a hannun wanda ba addininsu ɗaya ba, duk abin da aka gaya masa a kansu zai yarda. Wannan yana ba ni tsoro fiye da munanan kalmomin da ake kwasowa a filin wasa, don waɗancan ana wanke su a gida da daddare.

Baban Bitrus: Mama ta tuna mini wani abu. Maƙwabtanmu Musulmi ba su tsaya jiran makarantar boko ta koya wa 'ya'yansu addini ba. Da safe boko, da yamma Islamiyya, kusan kullum. Mu kuwa awa ɗaya ranar Lahadi, rabinta ma waƙa, sai mu ce makaranta ta lalata mana yara. Me zai hana mu yi aji na yamma a majami'a, a koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa? Tun 1932 muke da shi cikakke, kuma da shi kakanninmu da yawa suka koyi karatu, ba su taɓa shiga aji ba.

Malam mai Lissafi: Wannan batu na Hausa yana da muhimmanci. Rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba, be, bi, bo, bu. Yaron da ke jin Hausa a gida yana iya kama haɗa baƙi da wasali cikin 'yan makonni, daga nan ya tsallaka Turanci da ƙafar dama. Maman Tabita, kafin ki cire kowa, ki gwada wannan da ɗanki minti talatin kullum.

Maman Rahila: To in makaranta ba ta koyar ba sai uwa ta koyar da yamma, kuɗin me ake biya? Biyu-babu ke nan, ga kuɗi sun tafi ga aikin ya dawo kanki.

Baban Bitrus: Wannan kuma tambaya ce da ya kamata a kai taron iyaye da malamai. Mu nawa ne muke zuwa? Ranar taro sai ka ga iyaye goma a makarantar yara ɗari uku.

Baba Fasto: Ina da tambaya ga Baban Tabita, in yana karantawa ta wayar matarsa. An ce ka ce a yi tunani. To wane darasi ne naka? Afisawa 6:4 ubanni ta kira da suna. A duk gidajen da na ga abin ya ɗore, uban yana da rana ko darasin da yake ɗauka, kuma ya yarda cewa kuɗin da uwa za ta samu a waje ya tafi, ba zai riƙa gori a kai ba. Sannan maganar surukarki, 'yata, kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Mai yiwuwa ita an hana ta makaranta ne tana yarinya, shi ya sa ganin jikokinta cikin yunifom yake da daraja a idonta. Ki zauna da ita ki ji dalilinta.

Maman Tabita: Baba, kamar ka sani. Ita kaɗai ce a ɗakinsu ba a sa a makaranta ba, aka bar ta da raino da kiwon awaki. Duk ranar da aka ba da sakamako sai ta sa an karanta mata, ta ɗaure takardar a bakin zane ta kai Zumuntar Mata. Ban taɓa haɗa wannan da ƙin da take yi ba sai yanzu.

Maman Jummai: In da zan sake, ba zan yi ni kaɗai ba. Da mun kai uwaye huɗu, kowa da ranarta, da cikin nan bai rushe komai ba. Kuma da 'yata ta sami ƙawar aji.

Lauya daga Jos: A kula dai, in iyalai suka haɗu suka tara yara a wuri ɗaya kullum, musamman in kuɗi ya shiga, a idon ma'aikatar ilimi makaranta ce, kuma tana bukatar izini. Aji na yamma ko na hutu a majami'a bai da wannan nauyin.

Kaka Malama: In aji na yamma ne, ni zan zo Kaduna in zauna mako biyu a wurin ɗana in nuna wa uwayen yadda ake koyar da baƙi da wasali. Sharaɗina ɗaya, a buɗe ƙofa ga kowane yaro a layin, har da na mai itacen nan, kada a tambayi cocin da yake zuwa ko masallacin.

Maman Rahila: Mama, zan kawo nawa. Amma ni har yanzu ina nan a kan ra'ayina, shekara mai zuwa in Ubangiji ya yarda ƙaramin ba zai shiga nazare ba, a gabana zai fara.

Maman Tabita: Na nuna wa maigida duk abin da aka rubuta, mun yi magana har sha biyun dare. Tabita za ta ci gaba da zuwa, saura mata shekara biyu ta gama kuma tana son ajinta. Autan ba zan sa shi ba tukuna. Na tsakiyan ne ba mu gama yankewa ba. Mun riga mun biya kuɗin wannan zangon, don haka zai ƙarasa, ni kuma daga gobe zan fara da shi da Hausa kamar yadda Malam ya ce, babansa ya ɗauki lissafi ranar Asabar. In hutun Kirsimeti ya zo zan sake buɗe masa Zabura 24, abin da na gani shi zai nuna mana ko zai koma a Janairu. Ranar Alhamis kuma zan je wurin surukata da shi, ya zauna kusa da ita muna yi, don ta ce ita ma tana so ta ga yadda ake haɗa haruffan nan. Baba Fasto, wa ya kamata mu gani game da ɗakin makarantar Lahadi, dattawa ko shugabar Zumuntar Mata?

Baba Fasto: Ku fara da shugabar Zumuntar Mata, ita za ta kai wa dattawa a rubuce. Ku rubuta ranaku da lokaci da sunan wadda za ta riƙe mabuɗi.